Demencia, Kalmar da Ta Fitar da Janar Daga Kotu

Na san abin da za ku ce tun kafin ku buɗe baki. Shinkafa ta yi tsada, wuta ba ta zuwa, ga kuɗin makarantar yara, shi kuma wannan bawan Allah ya rasa abin da zai cika mana shafi da shi sai wata kalmar Sifaniyanci. To, sannunku da ƙorafi. Amma ku ɗin nan ne fa kuke raba dare a gidan kallo kuna musu a kan Real Madrid da Barcelona har makogwaro ya bushe. Kun san sunan mai tsaron gida na uku, kun san albashinsa, kun san ranar da ya ji ciwo a gwiwa. Mutanen da kuka ba wa darenku kyauta, ku ara mini rabin sa'a in gaya muku yadda suke kiran tsohon da ya fara ruɗewa. Wanda ya ga ba zai iya ba, Allah ya kiyaye hanya. Na dai san babu inda za ku, don Bahaushe bai saba barin gardama a tsakiya ba.

Kalmar ita ce demencia. A Madrid, harafin c ɗin nan sai an ɗan leƙo da harshe tsakanin haƙora. A Meziko da Kolombiya da Ajantina babu wannan wahala, "demensiya" kawai za ka ce ka wuce. Mace ce, la demencia. Daga Latin ta fito: de, wato fita ko rabuwa, da mens, hankali. Wanda ya fita daga hankalinsa ke nan. Wannan mens ɗin shi ne kuma wutsiyar da Sifaniyanci ke liƙa wa ɗaruruwan kalmomi, irin su lentamente, wato sannu-sannu. Mu ma da muke cewa "tafi a hankali" ai hankalin muka jawo cikin maganar tafiya, saboda haka kada wanda ya yi musu dariya.

"To ai shi ke nan," in ji mai gajen haƙurin cikinku, "cutar mantuwa ce, mun ji, sai ka sallame mu." Zauna tukuna, ɗan'uwa, shayin bai ma tafasa ba. Sifaniyawa suna da majalisar kula da harshe a Madrid, Real Academia Española, wadda aka kafa tun 1713, kuma ƙamus ɗinta shi ne alƙalin da masu harshen, kusan mutum miliyan 500 da suka tashi da shi a baki, suke kai ƙara gabansa. Buɗe shi ka nemi demencia. Ma'anar farko da zai ba ka ita ce locura, hauka tsurarsa, rikicewar tunani. Sai a ma'ana ta biyu, wadda aka yi wa alamar cewa ta likitoci ce, za ka tarar da abin da kake nufi: lalacewar basira sannu a hankali, mai ƙaruwa kullum, har ta ɓata wa mutum ɗabi'a. Haukan ne a sama, ciwon a ƙarƙashinsa, kuma duk rigimar da zan ba ku labari daga wannan jerin ta taso.

Ku ɗauka wata mata ce a Sevilla ta kai mahaifiyarta asibiti. Tsohuwar ta fara zuba gishiri sau biyu a miya, ta bar tukunya a wuta ta fita unguwa, jiya kuma ta tambayi ina mijinta ya tsaya bai dawo ba, alhali ya shekara goma a ƙasa. Likita ya zaunar da ita, ya tambaye ta yau wace rana ce, wane wata ake ciki, a hawa na nawa suke. Ya ce ta maimaita kalmomi uku: keke, cokali, tuffa. Ta maimaita tana dariya, wai ita za a mayar 'yar firamare. Ku ma ku riƙe su, zan neme su a wurinku. Ya ba ta ɗan lissafi, ya miƙa mata takarda ta zana fuskar agogo, lambobin suka taru a gefe guda. Sannan ya ce, "Señora, kalmomin nan uku fa?" Ta yi shiru, ta juya ta dubi 'yarta. Bayan awon jini da hoton ƙwaƙwalwa, likita ya furta demencia. Shi ma'ana ta biyu yake nufi. 'Yar kuwa ta farko ce ta shiga kunnenta, don tun tana ƙarama abin da ta sani shi ne demente mutumin nan ne na cikin fim mai bin jama'a da gatari. Abin da zai fito daga bakinta bai wuce, "Uwata ba mahaukaciya ba ce." Kuma ta fi kowa gaskiya.

Abin da likitan yake nufi taron cututtuka ne da suka yi tarayya a ɓarnar da suke yi. Babbarsu ita ce ta Alzheimer, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ita ke da kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari. Akwai demencia vascular, mai biyo bayan toshewa ko fashewar jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwa, ƙawar hawan jini da ciwon suga. Wannan kam ku masu danna tsire da yaji kullum dare, rabonku da awon jini tun ranar ɗaukar aiki, ku buɗe kunne da kyau. Akwai ta Lewy, mai sa mutum ya riƙa ganin abin da babu shi. Akwai frontotemporal, wadda ke fara taɓa hali da magana kafin ta kai ga tunawa, har dattijo mai kunya ya koma sakin baki a gaban surukai. A duniya masu fama sun haura miliyan 55, ana samun sababbi kusan miliyan 10 kowace shekara. A Sifaniya kaɗai, ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasar tana ƙiyasta masu Alzheimer kusan 800,000.

"Ai tsufa ne," in ji Hajiya daga can baya, "duk wanda ya daɗe a duniya sai ya ruɗe." Hajiya, Allah ya ƙara girma, ba ke kaɗai ba ce. Sifaniyawa ma haka suka daɗe suna cewa, demencia senil, wato ta tsufa, kuma har gobe ita ce a bakin talaka da na ɗan jarida. Likitocinsu dai sun gaji da roƙon a daina. Shekaru suna ƙara haɗarin kamuwa, wannan gaskiya ne, amma su kansu ba cuta ba ne. Akwai 'yan casa'in da za su lissafa miki bashin da suke binki har da kwabo. Matar da Alois Alzheimer ya fara nazarin cutar a kanta, Auguste Deter, shekararta 51 lokacin da aka kwantar da ita a asibitin Frankfurt a 1901. Ta rasu a 1906, ya binciki ƙwaƙwalwarta, ya kai rahoto taron likitoci a Tübingen a ƙarshen wannan shekara. Hamsin da ɗaya fa, Hajiya, shekarun da ke kanki kika ci birki a kansu tun bikin 'yarki ta fari. Illar kalmar senil ita ce tana sa a naɗe hannu. Da zarar an ce tsufa ne, babu mai zuwa asibiti, alhali wata ruɗewar tana da magani: matsalar maƙoƙo, ƙarancin bitamin B12, ciwon damuwa, ko tarin ƙwayoyin da ake ba tsoho ba bisa ƙa'ida ba. Kalmar ta taɓa jawo wani ruɗanin ma. A tsofaffin littattafan likitanci za ka ga demencia precoz, "ta wuri", sunan da Emil Kraepelin ya yaɗa ga wata cutar matasa daban, wadda yau ake kira esquizofrenia. Babu abin da ya haɗa ta da kakar kowa.

Mu fita daga asibiti, warin magani ya isa. A kan titi kalmar nan sakewa take yi abinta. Mutum ya maƙale a cunkoson motoci, sai ya daki sitiyari ya ce, "¡Qué demencia!" Kuɗin hayar ɗaki a Madrid demencial ne. Ƙwallon da aka zura daga tsakiyar fili shi ma demencial ne, kuma a nan yabo ne. Kafin ku ce Turawa ba su da ta-ido, a tuna mini wanda ya ce jiya wane yana da kuɗi na hauka, amarya kuma ta yi kyau na hauka. Ba ni ba ne dai.

Tun da ku mutanen ƙwallo ne, ga tsarabarku. A Madrid akwai ƙungiyar ƙwallon kwando mai suna Estudiantes, wadda aka kafa a 1948 a wata makarantar sakandare, Ramiro de Maeztu. Pedro Sánchez, wanda ya zama firaministan ƙasar a 2018, a makarantar ya yi karatu, ya kuma buga wa ƙungiyar a matakin matasa. Magoya bayanta, tun tsakiyar shekarun 1970, sunan da suka raɗa wa kansu shi ne La Demencia, kowane ɗaya cikinsu kuma demente ne, yana alfahari da hakan. An san su da shigowa fili sanye da jallabiya da rawani, suna rera shaƙiyanci, abokin gabarsu na har abada kuwa Real Madrid. Ƙungiyar ta ci kofin Sarki sau uku amma ba ta taɓa cin babbar gasar ƙasar ba, a 2021 ma ta faɗa rukuni na biyu, su kuma ba su daina zuwa ba. Wanda ya shekara hamsin yana bin ƙungiya irin wannan, ni ban ga laifinsa ba in ya zaɓi sunan da kansa. Magoya bayan wata ƙungiyar Landan da ba zan faɗa ba, na ga kun sunkuyar da kai.

Abin lura shi ne, kalmar da ake wasa da ita haka a fili, da ta iso ƙofar gida sai a fara kewaye-kewaye. Babu mai son ya ce la demencia ta kama babansa. Za a ce se le va la cabeza, kansa yana tafiya. Za a ce está gagá. Za a ce ya fara chochear, wato surutan tsufa da shirme. Wannan ta ƙarshen a yi hattara da ita: a Ajantina in aka ce kaka yana chocho da jikansa, murna ake nufi, ya rasa inda zai sa shi don so; a Sifaniya kuwa kalmar tana da wata ma'anar ta batsa da ba zan rubuta a nan ba. Masu mafarkin zuwa Bernabéu, kada wanda ya je kasuwa ya gwada ƙwarewa, a dawo mana da shi da kumburarren kunci.

Wadda ta fi burge ni ita ce el alemán, Bajamushe. Dattijo a Buenos Aires ya rasa inda ya ajiye makulli, ya lalube aljihu, ya ɗaga matashin kujera, sai ya ce Bajamushe ya kama shi. Akwai tsohon barkwanci da ake yi, wai tsohuwa ta tambayi ƙawarta, "Yaya ma sunan Bajamushen nan da yake ɓoye mini kaya?" Marigayi Dakta Alzheimer ke nan, mutumin da ya ƙare rayuwarsa a kan madubin likita, aka mayar da shi ɓarawon tabarau da makulli. Masu cewa wannan rashin imani ne, ku saurara. Wanda ya fi yin wannan barkwanci shi ne mai shekara sittin da wani abu, wanda ya ga abin da ya sami uwarsa, yana kuma ƙirga sau nawa ya manta sunan maƙwabci a makon nan. Tsoro ne yake fitar masa ta hanyar dariya, kuma ni ba zan hana shi ba.

Akwai dai inda laƙabin ba ya ba da dariya. A jihar Antioquia ta Kolombiya, cikin duwatsu, akwai gari mai suna Yarumal. Mutanen yankin sun daɗe da sanin wani abu da suke kira la bobera, daga bobo, wawa; wauta ke nan. Mutum yana tsakiyar ƙarfinsa, ɗan arba'in da 'yan kai, sai ya fara manta hanyar gona, a ƙarshe ya koma sai an ba shi abinci a baki. Wasu suna cewa sammu ne, wasu suna cewa baki ne ya bi zuriyar. Wani likita na Jami'ar Antioquia, Francisco Lopera, ya fara bin sawun abin tun shekarun 1980, yana shiga ƙauyuka, yana buɗe tsofaffin littattafan coci na haihuwa da aure da mutuwa, har ya haɗa dangi guda mai kusan mutum 6,000, wanda kimanin 1,200 cikinsu ke ɗauke da wata tawaya a ƙwayar halitta guda. Duk wanda uwa ko uba ke da ita, rabi da rabi ne ya gada, wanda ya gada kuwa da wuya ya tsira. Alzheimer ce, mai zuwa da wuri. Dangin nan suka ba da jininsu, suka ba da ƙwaƙwalwar mamatansu don bincike, suka shiga gwajin wani magani na shekaru wanda a 2022 aka sanar bai yi aikin da aka so ba. Lopera ya rasu a 2024. Hajiya, ina fata kina ji, babu tsoho ko ɗaya a wannan labari.

"To a canja sunan mana," in ji ɗan bokon cikinku, yana gyara tabarau. An riga ka, Malam. A 2013 ƙungiyar likitocin taɓin hankali ta Amurka ta fitar da sabon kundinta, ta kawo sabon suna, wanda a Sifaniyanci ya zama trastorno neurocognitivo mayor. Gaɓa goma sha ɗaya. Faɗe shi sau uku a jere ba tare da ka ciji harshe ba, ni zan biya kuɗin shayin. Japan ta yi irin wannan a 2004, ta ajiye tsohuwar kalma mai ɗauke da ma'anar wauta ta kawo sabuwa, kuma can ta karɓu. A ƙasashen Sifaniyanci dogon sunan ya tsaya a fayil ɗin asibiti. Jama'a suka yi nasu gyaran ba tare da shawara da kowa ba: suka ɗauki sunan Bajamushen suka mayar da shi kalmar gida, har majalisar harshe ta Madrid ta shigar da ita ƙamus da ƙaramin harafi da alamar ƙarfi a kanta, alzhéimer. Yanzu iyali da yawa sun gwammace su ce mahaifinsu yana da alzhéimer ko da ta jijiyoyin jini ce ke damunsa. Likita zai ce kuskure ne, kuma kuskuren ne. Amma na fahimce su. In ka ce alzhéimer, maƙwabta za su ce sannu. In ka ce demencia, wani zai janye yaransa daga ƙofar gidanku.

A ganina, abin da ya fi sauya suna tasiri shi ne manyan mutanen da aka ga abin ya same su a idon duniya. Ku masu Barcelona, kun san wanda ya kawo wa birnin gasar Olamfik ta 1992? Pasqual Maragall, magajin gari daga 1982 zuwa 1997, daga baya shugaban yankin Kataloniya. A watan Oktoban 2007 ya tsaya gaban 'yan jarida ya faɗa da bakinsa cewa yana da Alzheimer, shekara ta zagayo ya kafa gidauniyar bincike mai sunansa. Ya kuma yarda aka bi shi da kyamara, aka yi fim a kan yadda cutar ke cin sa, wanda ya fito a 2010 ya ci kyautar fina-finai ta Goya. Sunan fim ɗin kalmomi uku ne na gwajin asibiti. Su ne na ba ku ajiya ɗazu. Ina jira. Keke, mun ji. Sai me? Kai na gefe, daina leƙa sama, na gan ka. Cokali da tuffa ne, Bicicleta, cuchara, manzana. Kada hankalinku ya tashi, wanda bai kawo su ba wayarsa yake latsawa lokacin da na faɗa. Rashin kula daban, ciwo daban.

Ku masu Madrid kuma, filin jirgin saman da kuke burin sauka a cikinsa sunan Adolfo Suárez yake ɗauke da shi. Shi ne firaministan da ya fitar da ƙasar daga mulkin kama-karyar Franco zuwa dimokuraɗiyya tsakanin 1976 da 1981. Ranar 23 ga Fabrairun 1981, da jami'an tsaro masu yunƙurin juyin mulki suka kutsa majalisa suna harbi sama, 'yan majalisa suka kwanta ƙasa, shi yana cikin mutum uku da suka ƙi kwanciya. A 2005 ɗansa ya bayyana cewa mahaifinsa ba ya ma tuna ya taɓa mulkin ƙasar. Akwai hoton da ɗan ya ɗauka a 2008, lokacin da Sarki Juan Carlos ya je gidansu kai masa lambar girma: an ɗauko su ta baya suna tafiya a lambu, Sarki ya dafa kafaɗarsa, fuskar kowa ba ta fito ba. Ya rasu a Maris 2014. Wata guda bayansa Gabriel García Márquez ya bi shi, marubucin Kolombiya mai kyautar Nobel, wanda ƙanensa Jaime ya gaya wa ɗalibai a Cartagena a 2012 cewa yana fama da demencia senil, da wannan lafazin. Mutumin da tun 1967 ya rubuta labarin garin da annobar mantuwa ta auka wa, har mutane suka koma rataya wa saniya takarda mai bayanin mece ce ita da abin da ake yi da ita. Wa zai kalli waɗannan uku ya ce ma'anar farko ta ƙamus?

Mu kuma da muke ta gyaɗa kai, ban ga abin da muka fi su da shi ba. Muna cewa gigin tsufa, wanda shi ne senil ɗin dai da ake gudu. Gidajen rediyo suna cewa cutar mantuwa, wadda ta fi ladabi amma ta bar sauyin hali da ɓatan hanya da rikicewar magana a waje. Tsohuwar da ta fita da dare ta ɓace, aka tsince ta a wata unguwa tana sambatu, kun san sunan da wasu ke kiranta da shi, kun kuma san abin da ke biyo baya. Ba zan tsaya a nan ba, don fuskokinku sun fara canjawa.

Ga wadda za ta dawo muku da fara'a: fingir demencia, wato ƙirƙirar demencia da gangan. A Meziko ta daɗe a baki, a Ajantina kuma ta yi tashe a 'yan shekarun nan. Ma'anarta basarwa. Ka hango mai binka bashi a wurin ɗaurin aure, ka miƙa masa hannu kuna gaisawa kamar babu komai, har kana tambayarsa iyali. An turo saƙo a zauren dangi ana neman gudummawa, ka karanta, ka kife wayar. A 2023 hauhawar farashi a Ajantina ta haura kashi 200 cikin ɗari, matasa suka riƙa cewa sun yi fingir demencia sun fita cin abinci ba tare da duba abin da ya rage a asusu ba. A Sifaniya tsohuwar hanyar faɗin wannan ita ce hacerse el sueco, mayar da kai ɗan Suwidin, wanda ake yi wa magana yana kallon mutane kamar bai ji ba. Bajamushe yana sace makulli, ɗan Suwidin yana kunnen uwar shegu. Mutanen arewacin Turai dai sun sha wuya a bakin Sifaniyawa.

Na ji mai tausayin cikinku yana cewa bai kamata a yi wasa da ciwon mutane ba. Ina girmama wannan. Sai dai wanda ya taɓa jinyar mai cutar ya san maganar a juye take. Mai ciwon gaskiya, musamman a farko, lafiya yake ƙirƙira. An tambaye shi sunan jikansa, sai ya yi dariya ya ce wa zai manta wannan ja'irin. An tambaye shi abin da ya ci da safe, sai ya ce abin da aka saba. Yakan yi wata da watanni yana toshe ramuka da wayo kafin iyali su farga. Mai fingir demencia kuwa yana tuna komai, har kwanan watan da ya karɓi bashin.

Lauyan cikinku ya daɗe yana murmushi, ya san inda na dosa. Dokar laifuka ta ƙasar Chile, wadda aka rubuta tun 1874, ta ɗauke alhakin laifi daga wanda ta kira loco o demente. Janar Augusto Pinochet ya ƙwaci mulki ranar 11 ga Satumban 1973, ya riƙe shi har 1990, kuma kwamitocin da gwamnatin ƙasar ta kafa daga baya sun lissafa fiye da mutum 3,000 da aka kashe ko aka ɓatar a zamaninsa. A watan Oktoban 1998 aka kama shi a wani asibiti a Landan bisa sammacin alƙalin Sifaniya Baltasar Garzón. Ya shafe kwana 503 a tsare ana ta shari'a, har ministan cikin gidan Birtaniya, Jack Straw, ya sake shi bayan likitoci sun ce lafiyarsa ba za ta ɗauki shari'a ba. Ranar 3 ga Maris 2000 jirginsa ya sauka a Santiago. Aka sauko da shi a keken guragu. Ƙafar keken na taɓa ƙasa, Janar ya miƙe tsaye, ya rungumi hafsoshin da suka zo tarbarsa, ya taka da ƙafarsa, ya ɗaga sandarsa sama yana gaida jama'a, kyamarorin duniya suna ɗauka. Iskar gida magani ce, ko ba haka ba?

A gida alƙali Juan Guzmán ya tuhume shi a kan kisan da wata tawagar soja ta bi gari-gari tana yi a Oktoban 1973, abin da ake kira Ayarin Mutuwa, inda fiye da mutum 70 suka halaka. Tsufa ko ciwon jiki ba sa kuɓutar da mutum a dokar ƙasar. Ƙofa guda ce a buɗe, ita ce ta hauka ko demencia. A Janairun 2001 likitoci suka duba shi, suka rubuta cewa yana da demencia ta jijiyoyin jini, tsakanin mai sauƙi da matsakaiciya. Likitocin ma'ana ta biyu suka rubuta. Dokar da aka tsara a ƙarni na 19 kuwa ta farko ta sani. Lauyoyi suka tsaya a tsakiya suna ɗinke su, kuma a Yulin 2002 Kotun Ƙoli ta rufe shari'ar. Mutumin da ya shekara goma sha bakwai yana juya ƙasa ya fita ta ƙofar da aka tanada wa mahaukata.

Ban ce ƙarya ya yi ba. Mutum ne mai shekara tamanin da biyar da ya sha ƙananan shanyewar jiki. Amma a Nuwamban 2003 ya zauna da wani gidan talabijin na Miami ya yi hira tsaf, yana tuna abubuwa dalla-dalla, yana kare kansa, yana cewa ba shi da wanda zai nemi gafararsa. Lauyoyin iyalan mamata suka kwashi faifan suka nufi kotu. A 2004 aka cire masa rigar kariya a wata shari'ar, a shekarar ce kuma binciken majalisar dattawan Amurka ya tono asusun ɓoye na miliyoyin daloli da yake da su a bankin Riggs. Ya mutu ranar 10 ga Disamban 2006 yana da shekara 91, tuhume-tuhume rututu a kansa, babu ko ɗaya da aka kai ga yanke masa hukunci.

Na ga wasunku sun fara zungurin juna, ana raɗa, wai mu ma mun san masu zuwa kotu a kan gadon asibiti da masu sumewa ana tsakiyar tambaya. Ni dai Chile na ce. Wanda ya ambaci suna, shi zai nemi lauyansa.